Dushen, likitan da ya motsa tsoka da lantarki

Masuntan kogin Binuwai a Garwa sun san minjirya. In ka taɓa ta, sai hannunka ya zabura ko ba ka so. Lantarkin da ke jikin kifin ne yake tsuke tsokar hannunka. An yi wani likita Bafaranshe da ya ƙare rayuwarsa yana binciken yadda lantarki yake motsa tsoka. Sunansa Giyom Dushen.

An haife shi a shekarar 1806 a Bulon, wani gari na bakin teku a arewacin Faransa. Danginsa ma'aikatan jirgin ruwa ne, amma shi karatu ya zaɓa. Ya tafi birnin Faris, ya zama likita a 1831, ya koma garinsu ya yi aure. Ba a daɗe ba matarsa ta rasu bayan haihuwa, danginta kuma suka raba shi da ɗansa. Wannan abu ya ƙona masa rai ƙwarai.

A 1835 ya fara gwada lantarki a jikin majiyyata. A lokacin, allura ake soka wa mutum kafin a sa masa wutar. Dushen ya ƙera wani akwati mai wayoyi biyu. Sai ya ɗora bakin wayoyin a kan fata da jiƙaƙƙen soso, ba suka, ba jini, tsokar da ke ƙarƙashi ta motsa ita kaɗai.

A 1842 ya koma Faris. Ba shi da muƙami a kowace asibiti. Haka yake zagaya asibitoci da akwatinsa, yana neman shanyayyu. Wasu likitoci sun yi masa dariya, bai kula ba. Ya bi tsokoki ɗaya bayan ɗaya, ya gane aikin kowace: wannan ita ke lanƙwasa yatsa, waccan ita ke ɗaga kafaɗa. Har fuska ya bincika, ya nuna cewa murmushin gaskiya yana motsa tsokar da ke kewaye da ido. Na dole kuwa a baki yake tsayawa. Ku duba fuskar abokinku, za ku gani.

Dushen ya so ya ga cikin tsokar ma. Ya ƙera wata allura mai ɗebo ɗan mitsitsin nama daga jikin mai rai, ya duba a madubin likita. Lafiyayyar tsoka zare-zare ce, jere kamar zaren saƙa. Amma ya ga wasu yara maza masu manyan sha-raɓa, ga su kamar ƙarfafa, alhali da ƙyar suke tashi daga ƙasa. Da ya duba, sai ya tarar zaren ya lalace, kitse da tauraren nama sun maye gurbinsa. Ya bayyana wannan ciwo filla-filla a 1868, shi ya sa ake kiransa ciwon Dushen. Akwatinsa bai warkar da yaran ba, domin ciwon na gado ne. Sai a 1986 masana suka gano ƙwayar gadon da ke kawo shi.

Tsokar da ba ta aiki tana ramewa. Don haka masu gashin ƙashi na asibiti sukan sa wa wanda ya daɗe a kwance lantarki kaɗan, a auna, don zaren tsokarsa kada ya sirance. Yara, wannan ba irin wutar Lagdo da ke gidajenmu ba ce. Ita kisa take yi, kada ku taɓa waya!

Dushen ya rasu a Faris a 1875. Sharko, babban likitan jijiyoyi na Faransa, ya ɗauke shi malaminsa.

Tambayoyi
1. Me ya sa hannu yake zabura in an taɓa minjirya?
2. Me Dushen ya gani a tsokar yaran nan?