Karl Terzaghi, Injiniyan da Ya Gano Sirrin Ƙarfin Ƙasa

Duk wanda ya taɓa ganin hanyar burji ta zabtare bayan ruwan Agusta, ko madatsar ruwa ta tsage, ya san cewa ƙarfin gini yana ga ƙasar da ke ɗauke da shi. Mutumin da ya mayar da sanin halin ƙasa ya zama ilmi mai ƙa'ida shi ne marigayi Karl Terzaghi.

An haife shi ran 2 ga Oktoba 1883 a birnin Prague, wanda a lokacin yake cikin daular Austiriya da Hungari. Mahaifinsa hafsan soja ne, ya kuwa rasu Karl yana yaro. Ya yi karatu a babbar makarantar fasaha ta Graz, inda ya sami digiri kan aikin injuna a 1904, amma hankalinsa ya fi karkata ga duwatsu da ƙasa.

Ya yi aikin gine-gine a Kuroshiya da Rasha, a 1912 kuma ya tafi Amurka don nazarin madatsun ruwa. Abin da ya dame shi shi ne injiniyoyi sun iya lissafin ƙarfe da kankare sarai, amma in aka zo ga ƙasar da za a aza harsashi sai kintace. Saboda haka gine-gine masu tsada suna nutsewa ba a san dalili ba.

A 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka tura shi koyarwa a Istanbul, daga baya ya koma Kwalejin Robert a birnin. Da 'yan kayan gwaji da ya harhaɗa da hannunsa ya gano cewa nauyin da aka ɗora wa jiƙaƙƙiyar ƙasa yakan kasu biyu: wani ƙwayoyin ƙasar ke ɗauka, wani kuwa ruwan da ke tsakaninsu. Ruwa ba ya hana zamewa. Don haka idan matsin ruwan ya ƙaru, sai ƙwayoyin su sassauta riƙon juna, ƙasar ta zame. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake daddanne ƙasa da kyau, ana kuma yi mata magudanar ruwa. Ya bayyana binciken cikin littafinsa na Jamusanci, Erdbaumechanik, a 1925.

A shekarar nan aka gayyace shi Cibiyar Fasaha ta Massachusetts a Amurka, sa'an nan ya koma Vienna. Shi ya shugabanci taron duniya na farko kan wannan fanni a Jami'ar Harvard a 1936. Da Jamus ta haɗiye Austiriya a 1938, sai ya yi ƙaura zuwa Amurka, ya zauna a Harvard.

Ɗaya daga cikin ayyukansa da suka shafi Afirka shi ne madatsar Sasumua, wadda aka gina don ba birnin Nairobi na Kenya ruwan sha. Ƙasar wurin jan yumɓu ce mai riƙe ruwa da yawa, kuma bisa ma'aunin da aka saba da shi a Turai, ba ta cancanci a yi madatsa da ita ba. Terzaghi ya nuna cewa ƙananan ƙwayoyinta a dunƙule suke gungu-gungu, saboda haka ta fi ƙarfin da ma'aunin ya nuna nesa ba kusa ba. Ya buga bayanin a 1958. Darasin ya shafi duk injiniyan da ke aiki da marmara da jar ƙasa a nan ƙasarmu: ƙasar wurare masu zafi sai an gwada ta a kan halinta, ba a ɗauko hukuncin wata nahiya a ɗora mata ba.

Ya kuma shugabanci kwamitin masu ba da shawara kan babbar madatsar Aswan ta Masar, har ya ajiye aikin a 1959 bayan saɓani da injiniyoyin Tarayyar Sobiyat kan fasalinta.

Terzaghi ya rasu ran 25 ga Oktoba 1963 a garin Winchester na Massachusetts, yana da shekara 80. A 1965 aka sa sunansa ga madatsar Mission da ke Kanada, wadda ya yi wa aiki a ƙarshen rayuwarsa.