Santiyago Ramon Kahal: Likitan da Ya Gano Ginin Ƙwaƙwalwa

Ya ku ɗalibai, duk layin da kuka karanta a wannan littafi, saƙo ne yake tashi daga idanunku, ya bi ta jijiyoyi, ya isa ƙwaƙwalwa. Mutumin da ya bayyana wa duniya yadda aka gina wannan hanya shi ne Santiyago Ramon Kahal, wani likita ɗan ƙasar Sifen. A ƙasarsu ana rubuta sunansa Cajal. Ya fara bincikensa ne a cikin gidansa, da kuɗin aljihunsa.

An haifi Kahal ranar 1 ga Mayu, 1852, a wani ƙaramin ƙauye mai suna Petilla. Mahaifinsa likitan ƙauye ne, wanda shi ma ya tashi cikin talauci. Kahal yaro ne mai ƙiriniya, ba abin da yake so kamar zane. Da mahaifinsa ya ga ba ya mai da hankali ga karatu, sai ya kai shi koyon sana'a wurin wanzami, daga baya kuma wurin mai ɗinkin takalma. A shekarar 1868 mahaifin ya fara koya masa ilimin sassan jiki da ƙasusuwan mutane na gaske. Yaron ya riƙa zana kowane ƙashi daidai yadda yake. Ta haka zanen da ake hana shi ya zama abokin karatunsa.

Ya gama karatun likita a Jami'ar Saragosa a 1873, ya shiga soja a matsayin likita. Aka tura shi tsibirin Kyuba, inda zazzaɓin cizon sauro ya kusa hallaka shi. Ya dawo gida a 1875 a rame. A 1877 ya je birnin Madrid don jarrabawar digirin digirgir. A can ya leƙa cikin madubin likita, wato na'urar da ke nuna abubuwan da ido ba ya iya gani. Abin ya shiga ransa ƙwarai. Sai ya ɗauki ɗan abin da ya tara na albashin soja ya sayi nasa madubin, yana biya kaɗan-kaɗan.

Ku lura da halin da yake ciki a lokacin. Albashinsa kaɗan ne, ga iyali, domin ya yi aure a 1879. Manyan masu bincike suna Jamus da Faransa da Italiya, kuma ba sa karanta abin da aka rubuta da Sifaniyanci. Kahal ya riƙa koyar da ɗalibai a gida don ya sami kuɗin kayan aiki. A 1885 annobar kwalara ta ɓarke a Balensiya, inda yake koyarwa. Ya yi bincike a kanta, hukumar lardin Saragosa kuwa ta saka masa da sabon madubi mai inganci.

A wancan zamani masana da yawa sun ɗauka cewa jijiyoyin ƙwaƙwalwa a haɗe suke gaba ɗaya kamar ragar kamun kifi. Wani Ba'italiye mai suna Kamilo Golji ya ƙirƙiro wani rini na azurfa a 1873, wanda ke baƙanta ƙwayoyin jijiya don a gan su. Kahal ya ga wannan rini a 1887, ya gyara yadda ake amfani da shi. Sannan ya yi wata dabara. Jijiyoyin babbar dabba a cunkushe suke kamar kurmi, ga wani kitse da ya lulluɓe su, wanda ke hana rini kamawa. Don haka ya koma kan 'yan tsakin da ke cikin ƙwai da jariran dabbobi, waɗanda jijiyoyinsu ba su gama girma ba. Waɗannan suna da araha, kuma sun fi nuna abin da yake nema. A 1888 ya gano cewa kowace ƙwayar jijiya zaman kanta take yi. Tana miƙa saƙo ga ta kusa da ita, amma ba su zama abu ɗaya ba. Duk abin da ya gani, ya zana shi da hannunsa.

Saura duniya ta ji. Ya kafa mujalla da kuɗinsa, ya aika wa masana, amma shiru. A 1889 ya biya wa kansa kuɗin tafiya taron masana a birnin Balin na Jamus, ɗauke da madubinsa. Wani babban farfesa mai suna Kolika ya leƙa, ya gamsu, har ya koyi Sifaniyanci don ya karanta ayyukansa. A 1906 aka ba Kahal da Golji lambar yabo ta Nobel tare. Kahal ya rasu a Madrid ranar 17 ga Oktoba, 1934. Sai a shekarun 1950 aka ga ɗan ratar da ke tsakanin ƙwayoyin jijiya da madubi mai ƙarfin gaske, maganarsa ta tabbata.

Har yau rashin kuɗi da kayan aiki yana damun masu bincike a ƙasarmu, amma ana ƙoƙari. A Idu, cikin Abuja, akwai cibiyar binciken magunguna ta ƙasa. A can masana suka haɗa maganin sikila mai suna Niprisan daga tsirrai irin su masoro da kanumfari da dawa. Idan ɗakin gwaje-gwajen makarantarku yana da madubi ɗaya tak, ku tuna da ɗaya Kahal ya fara. Ku leƙa da kyau, ku zana abin da kuka gani.

Tambayoyi

1. Waɗanne sana'o'i biyu aka kai Kahal ya koya?
2. Da wane kuɗi ya sayi madubinsa na farko?
3. Me ya sa ya zaɓi 'yan tsaki maimakon manyan dabbobi?
4. Ta yaya zane ya taimake shi a aikinsa?