Yellapragada Subbarow: Ɗan Indiyan da ya buɗe ƙofar maganin kansa

Idan aka ce ku lissafo waɗanda suka yaƙi ciwon daji, da wuya sunan Yellapragada Subbarow ya faɗo muku. Amma fa maganin methotrexate da har gobe ake bai wa masu kansar jini da masu ciwon gaɓoɓi, daga ɗakin bincikensa ya fito.

An haife shi a 1895 a garin Bhimavaram da ke kudancin Indiya, zamanin mulkin Turawan Ingila. Ya yi karatun likita a Madras, inda ya riƙa sa tufafin saƙar gida don amsa kiran Gandhi na ƙaurace wa kayan Turawa. Abin ya ɓata wa malaminsa Bature rai, sai aka ba shi ƙaramar takardar shaida maimakon cikakken digiri. A 1923 ya tafi Amurka. A Jami'ar Harvard, shi da Cyrus Fiske sun gano ATP, sinadarin da ke ba tsokar jikinku ƙarfin motsi. Duk da haka jami'ar ba ta ba shi kujerar dindindin ba, don haka a 1940 ya koma kamfanin magunguna na Lederle.

To ga dabarar maganin. Ƙwayar kansa ba ta iya hayayyafa sai da sinadarin folik, kuma wani enzayim mai suna DHFR ne ke sarrafa mata shi. Ayarin Subbarow sun haɗa magungunan da suka yi kama da folik, su shiga su toshe enzayim ɗin. A 1947 likita Sidney Farber ya gwada ɗaya daga cikinsu, aminopterin, a kan yara masu kansar jini a Boston. Goma cikin 16 suka samu sauƙi. Sai dai bayan 'yan watanni ciwon ya dawo. Subbarow ya rasu a 1948 yana da shekara 53.

Me ya sa magani yakan daina aiki? Sai a 1978 Robert Schimke da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford suka fito da wata amsa. Sun nazarci ƙwayoyin jikin ɓera da aka rena a ɗakin gwaji, ana ƙara musu methotrexate kaɗan-kaɗan. Yawancinsu suka mutu. Waɗanda suka tsira kuwa sun kwafi ƙwayar gadon DHFR sau da yawa, suna ta fitar da enzayim ɗin ninkin-ba-ninkin. Ku ɗauka mai gadi ɗaya aka sa ya tsare ƙofofi ɗari biyu. Ina zai iya?

Irin wannan turjiya ce ta sa likitoci ke haɗa magunguna da yawa lokaci guda. Kamfanoni ma sun juya dabarar: suna zuba wa ƙwayoyin da suke renawa methotrexate da gangan, don su ninka furotin ɗin da ake yin magani da shi.

Idan wani naku na karɓar wannan magani, ku tuna sunan Subbarow, ku kuma taya mara lafiyar bin umarnin likita har ƙarshe.