Narsis Monturiyol, Mutumin Da Ya Ƙera Jirgi Mai Nutso Domin Masu Ciro Murjani

Murjanin da matan Damagaram suke ado da shi a da, daga tekun Bahar Rum yake fitowa. Fatake ne suke ɗauko shi daga Tarabulus, su ratsa hamada ta Agadas har Zinder. Kafin ya shiga hannun fatake kuwa, sai wani talaka ya riƙe numfashinsa, ya nutsa ƙasan teku ya ɓalle shi daga jikin dutse. Wasu ba su dawowa.

Wahalar waɗannan mutane ita ce ta juya rayuwar Narsis Monturiyol. An haife shi a shekarar 1819 a garin Figeras, cikin lardin Kataloniya na ƙasar Sipaniya. Shari'a ya karanta, amma bai yi aikin lauya ba, sai ya shiga buga jaridu masu kare talakawa. Hukuma ta hana su, shi kuma ya gudu Faransa a 1848. Bayan ya komo ya zauna a Kadakes, wani ƙauye na bakin teku, inda ya ga yadda masu nutso suke sayar da ransu.

A 1859, zamanin da Sarki Tanimu yake mulkin Damagaram, Monturiyol ya saka jirginsa na farko a ruwa a tashar Barselona. Ya sa masa suna Iktineyo, wato jirgin kifi. Da katako aka yi shi, tsawonsa mita 7, jikinsa riɓi biyu ne, kuma da hannu ake juya farfelarsa.

Nutsar da jirgi ba shi ne abu mai wuya ba, dutse ma yana nutsewa. Wuyar ita ce numfashi. Duk mai haƙar rijiya ya san yadda iska take ɓaci a ƙasa. Monturiyol ya riƙa tura iskar cikin jirgin ta cikin farar ƙasa domin ta tsotse gubar da mutane suke fitarwa, yana kuma duban harshen kyandir don ya gane lokacin da iska mai kyau ta ragu. Jirgin ya nutsa fiye da sau 50, bai ci ran kowa ba. A 1862 wani jirgin kaya ya buge shi yana ɗaure a tasha, ya farfashe.

Gwamnati ta yi alkawari, ba ta cika ba. Jama'a ne suka yi karo-karo, har daga tsibirin Kuba, aka ƙera Iktineyo na biyu a 1864. A 1867 ya ɗora masa inji mai aiki da tururi. Wuta ba ta ci inda babu iska, saboda haka ya haɗa wasu sinadarai masu ba da zafi, waɗanda kuma suke sakin iskar numfashi ga mutanen ciki. Wannan ita ce babbar dabararsa.

Amma kuɗi sun ƙare. Har igwa ya gwada sa wa jirgin ko sojoji za su kula, shi da ya ƙi jinin yaƙi, ba su kula ba. A 1868 masu bin bashi suka ƙwace jirgin, aka wargaza shi aka sayar.

Ya zama ɗan majalisa a 1873, ya kuma shugabanci ma'aikatar buga kan sarki na ɗan lokaci. Ya rasu cikin talauci a 1885 kusa da Barselona. Littafin da ya rubuta a kan tafiya ƙarƙashin ruwa bai fito ba sai a 1891.