Ibn Khaldun

Abu Zaid Abdurrahman ɗan Muhammadu, wanda aka fi sani da Ibn Khaldun (27 ga Mayu 1332 – 17 ga Maris 1406), masanin tarihi ne, alƙali kuma ɗan siyasa daga Arewacin Afirka. An fi saninsa da littafin Muƙaddima, wato gabatarwar da ya yi wa babban littafinsa na tarihi mai suna Kitab al-Ibar. A cikinta ya bi diddigin abin da ke sa dauloli su kafu, su bunƙasa, sannan su rushe. Ba daga littattafai kaɗai ya samo wannan ilmi ba, domin ya yi fiye da shekara ashirin yana aiki a fadojin sarakunan da ke hawa suna sauka a gabansa.

Asali da ƙuruciya

An haife shi a birnin Tunis ranar 1 ga Ramadan 732 bayan Hijira. Danginsa suna danganta kansu da Hadramaut ta ƙasar Yaman. Sun daɗe a Ishbiliya ta Andalus, inda suka yi suna a mulki da malanta, amma suka bar ta kafin ta faɗa hannun sarkin Kastila a 1248. A Tunis ya haddace Alƙur'ani, ya karanta hadisi, nahawu da fiƙihun Malikiyya. Wajen malaminsa al-Abili ya koyi lissafi, manɗiƙi da falsafa.

Yana ɗan shekara goma sha shida zuwa sha bakwai annobar da Turawa ke kira Baƙar Mutuwa ta shiga Tunis a 1348. Ta ɗauke mahaifinsa da mahaifiyarsa da malamansa da dama. Daga baya ya ɗauki wannan annoba a matsayin iyaka tsakanin zamani biyu, ya kuma sa ta cikin dalilan da suka wajabta a sake rubuta tarihin Magrib.

Shekarun fada

Aikinsa na farko a fadar Hafsawa ta Tunis shi ne rubuta alamar sarki a kan takardun hukuma. Bai daɗe ba ya koma Fas, wurin Sarki Abu Inan na daular Marinawa. A 1357 aka zarge shi da haɗa baki da wani yarima, aka ɗaure shi kusan shekara biyu, bai fito ba sai bayan rasuwar sarkin.

A 1362 ya ƙetara zuwa Garnaɗa. Sarki Muhammadu na Biyar ya aike shi Ishbiliya a 1364 domin sulhu da Pedro, sarkin Kastila. Pedro ya yi masa tayin mayar masa da dukiyar kakanninsa idan zai zauna a wurinsa, amma ya ƙi. Da dangantaka ta yi tsami tsakaninsa da wazirin Garnaɗa, Ibn al-Khatib, sai ya tafi Bijaya a 1365, inda ya zama babban jami'in fada. Shekara ɗaya kacal aka kashe ubangidansa a yaƙi. Daga nan ya yi ta yawo tsakanin Biskra, Tilimsan da Fas, sarakuna suna amfani da shi wajen jawo ƙabilun Larabawa makiyaya zuwa ɓangarensu. Sauya iyayen gida da ya riƙa yi ya sa wasu masana suna ganinsa mutum mara amana. Wasu kuma suna cewa haka siyasar lokacin take, wanda bai iya sauya sheƙa ba yakan rasa ransa, kamar yadda aka shaƙe Ibn al-Khatib a kurkukun Fas.

Muƙaddima

A 1375 ya janye daga siyasa, ya fake a wurin ƙabilar Aulad Arif a Ƙal'at Ibn Salama, a yammacin Aljeriya ta yau. Ya zauna kusan shekara huɗu. A nan ya rubuta daftarin farko na Muƙaddima cikin wata biyar a 1377.

Ya fara ne da sukan masu tarihin da suka gabace shi. A ganinsa duba amincin mai ruwaya bai isa ba, dole a auna labarin kansa, a ga ko zai iya faruwa bisa yadda al'umma take gudana. Misalin da ya kawo shi ne ruwayar al-Mas'udi cewa mayaƙan Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa sun kai 600,000. Ya nuna cewa daular Farisa, duk da girmanta, mutum 120,000 ta tara a yaƙin Ƙadisiyya, kuma zuriyar mutum ɗaya ba za ta yi wannan yawa cikin 'yan tsatso kaɗan ba. Wannan sabon fanni ya kira shi ilmin umran, wato sanin yadda zaman jama'a yake.

Ginshiƙin tunaninsa shi ne asabiyya, wato ƙarfin zumunta da ke sa jama'a su tsaya wa juna har ga mutuwa. Ta fi ƙarfi a wurin mutanen sahara da duwatsu, waɗanda ba su da ganuwa ko dogarai, sai junansu. Idan irin waɗannan mutane suka sami jagora, musamman mai kira na addini, sukan ci birni su kafa daula. Waɗanda suka kafa ta sun san wahala. 'Ya'yansu sun ji labarinta a bakin iyaye. Jikoki kuwa sun tashi cikin daula da jin daɗi, sarki ya ture danginsa ya dogara ga bayi da sojan haya, kashe kuɗi ya ƙaru. Ya ƙiyasta cewa wannan zango uku, kowane shekara 40, yakan kai daula ga tsufa cikin kimanin shekara 120, sai wasu masu sabuwar asabiyya su zo su karɓe.

Daga nan bayaninsa kan haraji ya fito. A farkon daula haraji kaɗan ne amma abin da ke shiga baitulmali yana da yawa, saboda manomi da ɗan kasuwa suna ganin ribar aikinsu. A ƙarshenta ana ɗora haraji mai nauyi, mutane su karaya su rage aiki, kuɗin shiga ya ragu. Ya kuma yi gargaɗi kan sarki ya shiga kasuwanci yana gasa da talakawansa, da ƙwace dukiya, da aikin tilas. A fannin tarbiyya ya soki tsananta duka ga almajirai, yana ganin hakan na koya musu ƙarya da munafunci.

Abin da ya rubuta kan ƙasashen Sudan

Kitab al-Ibar yana cikin manyan hanyoyin sanin tarihin daular Mali. Ya jero sarakunanta tun daga Mari Jata, wanda masana suke ɗauka shi ne Sunjata, zuwa Mansa Wali, Sakura, Mansa Musa da waɗanda suka biyo baya. Wani ɓangare na labarin ya ji shi ne a Alƙahira daga bakin Shaihu Usman, wani malamin fiƙihu daga ƙasar tsohuwar Gana. Ya kuma ambaci raƙumin dawar da sarkin Kanem ya aika wa sarkin Tunis a 1257.

Ya ƙi yarda da ruwayar da ke cewa baƙar fata ta samo asali ne daga la'anar Hamu ɗan Annabi Nuhu, ya danganta ta ga zafin rana. Ahmad Baba na Timbuktu ya kafa hujja da wannan a fatawarsa kan bauta. Sai dai wannan ra'ayi na yanayin ƙasa shi ne kuma ya kai Ibn Khaldun ga maganganun ƙasƙanci kan baƙaƙen da ke kudu da ƙasashen Musulmi, mutanen da bai taɓa zuwa ƙasarsu ba. A nan bai yi aiki da ma'aunin da ya gindaya wa wasu ba.

Masar da haɗuwa da Timur

Ya koma Tunis a 1378, amma saɓani da babban malami Ibn Arafa ya sa ya bar ta a 1382 da sunan tafiya Hajji. Ya zauna a Alƙahira, ya koyar a Azhar, Sarki Barƙuƙ ya naɗa shi babban alƙalin Malikiyya a 1384. A wannan lokaci jirgin ruwan da ya ɗauko matarsa da 'ya'yansa mata daga Tunis ya nitse kusa da Iskandariya. Ya yi aikin Hajji a 1387. Sau shida aka naɗa shi alƙali, sau biyar aka tuɓe shi.

A ƙarshen 1400 ya raka Sarki Faraj zuwa Dimashƙa domin tarar rundunar Timur. Da sarkin ya ji labarin makirci a gida ya koma Masar, Ibn Khaldun ya rage a cikin birnin da aka kewaye. A Janairun 1401 aka zuro shi da igiya ta kan ganuwa, ya je sansanin Timur. Sun yi ta ganawa har kimanin kwana 35, Timur ya sa shi ya rubuta masa bayanin ƙasashen Magrib. Wannan bai hana a washe Dimashƙa ba, har babban masallacin Umayyawa ya ƙone. Ya ba da labarin ganawar a littafin tarihin rayuwarsa, al-Ta'arif.

Ya rasu a Alƙahira ranar 26 ga Ramadan 808, yana kan kujerar alƙalanci. An binne shi a maƙabartar Sufaye da ke wajen ƙofar Bab al-Nasr.

Tasirinsa

Almajirinsa al-Maƙrizi ya zama babban masanin tarihin Masar. Malaman daular Usmaniyya kamar Katib Celebi da Na'ima sun yi amfani da ra'ayinsa wajen tambayar ko tasu daular ta shiga tsufa. An buga Muƙaddima da Larabci a Paris a 1858, de Slane ya fassara ta zuwa Faransanci, Franz Rosenthal kuma zuwa Ingilishi a 1958. A 1981 shugaban Amurka Ronald Reagan ya ambaci sunansa yana kare shirinsa na rage haraji. Har yanzu masana suna jayayya kan ko ya dace a kira shi uban ilmin zamantakewa na zamani, ko kuwa a karanta shi a matsayin malamin Malikiyya na ƙarni na 14 wanda ya yi bayanin Magrib ta zamaninsa.