Lise Meitner: Matar da ta yi lissafin tsagewar yuraniyom, abokin aikinta ya karɓi Nobel

An san Riruwai, a Ƙaramar Hukumar Doguwa ta Jihar Kano, da kuza, amma wasu duwatsun yankin na ɗauke da ɗan yuraniyom, ma'adinin da ake haɗa bam ɗin nukiliya da shi. Shekaru miliyoyi yana kwance a can bai tashi da kowa ba. Bayanin hakan ya faro ne daga lissafin wata mata, Lise Meitner.

An haife ta a Biyana ta ƙasar Ostiriya ranar 7 ga Nuwamba, 1878, a gidan Yahudawa. Ta samu digirin digirgir a fiziks a 1906, ta tafi Balin a 1907, inda ta fara aiki da masanin sinadarai Otto Hahn. Da yake ba a yarda mata su shiga cibiyar binciken ba, sai aka ba ta wani tsohon ɗakin kafinta a ƙasan ginin. Sun yi shekara kusan 30 tare, kuma a 1926 ta zama mace ta farko farfesar fiziks a Jamus.

Daga 1934 suka duƙufa harbin yuraniyom da ƙwayoyin nutron don ganin abin da zai fito. Ana cikin haka Hitler ya haɗe Ostiriya a watan Maris na 1938, fasfonta ya daina aiki, dokokin ƙin jinin Yahudawa suka hau kanta. A watan Yuli ta sulale ta iyakar Holan, daga bisani ta sauka a Suwidin.

A Disamba Hahn ya rubuto mata cewa shi da Fritz Strassmann sun ga bariyom a cikin yuraniyom ɗin da suka harba, kuma sun rasa dalili. Abin da ɗaure kai, domin cibiyar ƙwayar zarrar yuraniyom na da furoton 92, ta bariyom kuwa 56.

Meitner ta tattauna batun da ɗan 'yar'uwarta, Otto Frisch, a garin Kungälv lokacin hutun Kirsimeti. Sun ɗauki ra'ayin George Gamow da Niels Bohr cewa cibiyar ƙwayar zarra kamar ɗigon ruwa take. Akwai ƙarfin da ke dunƙule ta, kamar yadda raɓa ke dunƙulewa a kan ganye, su kuma furoton suna ture juna. A yuraniyom ƙarfin biyu sun kusa yin kunnen doki, don haka bugu kaɗan zai iya sa ɗigon ya miƙe, ya tsuke a tsakiya, ya rabe biyu.

Sai ta koma ga nauyi. Ta lissafa cewa gutsattsarin biyu idan an haɗa su, ba su kai nauyin yuraniyom ɗin ba da kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin furoton guda. Da ta bi ƙa'idar Einstein ta mayar da wannan giɓi makamashi, sai ya ba da kimanin miliyan 200 a ma'aunin ilektron-bolt, wato kusan ninki miliyan 50 na abin da ƙwayar gawayi ɗaya ke bayarwa in ta ƙone. Mujallar Nature ta buga bayaninsu a Fabrairun 1939.

A kan wannan tubali Bohr da John Wheeler suka ɗora a Satumbar 1939. Sun nuna cewa kafin cibiyar ta rabe sai ta haye wani shinge na makamashi, kamar dutsen da ke cikin kwari a saman tsauni, wanda ba zai gangaro ba sai an tura shi ya wuce baki. Nutron mai tafiyar hawainiya na iya tsallakar da yuraniyom-235, amma ba ya iya tsallakar da yuraniyom-238, wanda shi ne fiye da kashi 99 cikin 100 na abin da ke cikin ƙasa. Wannan shinge, da ƙarancin nau'in 235, su ne suka bar duwatsun Riruwai lafiya.

An gayyaci Meitner aikin haɗa bam lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta ƙi. Kyautar Nobel ta sinadarai ta 1944 kuwa Hahn shi kaɗai aka bai wa. Sai a 1966 Amurka ta haɗa su uku da Strassmann a lambar yabo ta Enrico Fermi.

Ta rasu a Kambirij ta Ingila ranar 27 ga Oktoba, 1968. A 1997 aka raɗa wa sinadari na 109 sunanta. Tsagewar da ta fara yi wa lissafi ita ce ke tafiyar da ƙaramin tukunyar nukiliyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda ta fara aiki a 2004.