Alonzo Church: malamin lissafin da iliminsa ya shiga wayar ƴan kasuwa

A yau filin namu zai kawo maku tarihin wani malami ɗan ƙasar Amurka wanda bai taɓa kasa kaya a kasuwa ba, amma mai cinikin bisashe ko wake ta wayar salula tsakanin Dakoro da Maraɗi yana cin moriyar iliminsa.

An haifi Alonzo Church a birnin Washinton ran 14 ga watan Yuni na 1903. Mahaifinsa alƙali ne, amma ciwon ido ya raba shi da aiki, sai baffansa ya tallafa wa karatunsa. Shi kansa ya sami rauni a ido ɗaya tun yana yaro. Wannan bai hana shi shiga jami'ar Firinston ba, inda ya sami digirin farko a 1924 da digirin dakta a 1927. Ya auri wata ma'aikaciyar jinya mai suna Mary a 1925, suka haifi ƴaƴa uku.

A 1932, tun ba a ƙera kwamfuta irin ta yau ba, ya fito da wani tsarin lissafi da ake kira lamda, sunan wani harafi na Girkanci. Ma'anarsa ita ce a rubuta aiki shi kaɗai: ga abin da aka ba shi, ga abin da zai mayar. Kamar tiya ce ta gaskiya, wadda ko wa ya auna da ita, ko yau ko gobe, awo ɗaya za ta bayar. Kuma ana iya miƙa wa wani aikin kansa kamar yadda ake miƙa kaya.

Abin bai zo masa da sauƙi ba. A 1935 ɗalibansa biyu, Kleene da Rosser, suka nuna cewa tsarin nasa na farko yana tufka da warwara. Malamin bai yi zuciya ba, ya ajiye abin da ya ɓaci, ya riƙe mai kyau. Da shi ne a 1936 ya tabbatar akwai tambayoyin lissafi da babu wata dabara ɗaya da za ta warware su duka. Alan Turing na Ingila ma a hannunsa ya yi digirin dakta a 1938.

To, ina haɗin wannan da waya? Manhajoji da yawa na wayar Android da harshen kwamfuta mai suna Java aka rubuta su. A wannan harshe kowane abu kamar rumfa yake, da kayanta da littafin bashinta. Mai sana'a ta san abin da ke faruwa in hannu ya yi yawa a kan littafi ɗaya: wannan ya rubuta, wancan ya goge, lissafi ya rikice, uwar kuɗi ta karye. Haka yake ga kwamfuta mai yin ayyuka da yawa lokaci guda. Hanyar Church kuwa aiki ne da ke auna abin da aka ba shi kawai, bai taɓa littafin kowa.

Shi ya sa masu harshen C++ suka shigar da lamda a 2011, na Java kuma a watan Maris na 2014. Dole tsofaffin gwanaye suka koma koyo, tun da rumfa ba ta tashi ba, sabon awo ne aka ƙara mata. WhatsApp ma da ake tura hoton rago da shi, an gina manyan kwamfutocinsa da harshen Erlang, mai bin irin wannan hanya.

Church ya koyar a Firinston daga 1929 zuwa 1967, sannan a Los Anjeles har 1990. Ya rasu ran 11 ga Agusta 1995 yana da shekara 92, a shekarar da Java ya fito. Bai ga ranar da aka shigar da lamda cikinsa ba.

Saboda haka iyaye, in yaro ya duƙufa kan lissafi, kada a ce ba ya kawo kuɗin cefane. Wani ilimin kamar dashen dabino yake, sai jikoki su sha.